Boxer, roba-roba ko mai injin CG: wane mashin ya dace da hanyoyin Bauchi da Gombe?

Da zarar an ji mutum ya haɗa kuɗin mashin, shawara takan yi masa yawa. Wannan ya ce Boxer, wancan ya ce roba-roba ya fi rufin asiri, wani dattijo ya ce ai tun daga Jincheng na farko ba a sake ƙera mashin ba. Kowa da gaskiyarsa, don kowa hanyar da yake bi yake dubawa. Malamin da ke zirga-zirga tsakanin Fadaman Mada da Yelwa a kan kwalta ba buƙatarsu ɗaya ba da manomin da zai ɗauko buhun masara daga wani ƙauye a bayan Dukku. Saboda haka kafin a yi maganar suna, mai saye ya amsa wa kansa abu uku: wace irin ƙasa tayar za ta riƙa takawa, nawa ne nauyin da zai riƙa ɗorawa, kuma idan mashin ya tsaya masa a ƙauye mafi nisa da yake zuwa, wane inji ne bakaniken wurin ya iya, yake kuma da kayansa a akwati.

Mu fara da roba-roba, don shi ne ya fi jan hankalin ma'aikaci da ɗalibi. Asalin tsarinsa na Honda Super Cub ne, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100. Waɗanda ke kasuwanninmu yanzu, irin su Haojue da Lifan da Jincheng, galibi kamfanonin Sin ne suka bi wancan tsari da inji mai cc 110 (cc shi ne ma'aunin girman inji). Injin a kwance yake, giya huɗu, babu kuloci a hannu: ka saki totur, ka taka giya, ka ci gaba. Mai lafiya yakan yi kilomita 50 zuwa 60 da lita ɗaya. Ba shi da nauyi, ana shigar da shi zaure ba tare da neman taimako ba, kuma robar gabansa na tare taɓo da ƙura daga ƙafar wando. Sarƙarsa a rufe take cikin gida, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai babbar riga ko mai goyon iyali.

Rauninsa a fili yake. Tankin yana ƙarƙashin kujera, bai cika wuce lita 4 ba. Tayoyinsa sirara ne, 2.50-17 ko 2.75-17, suna nutsewa a yashi, kuma duk wanda ya san lungunan Gombe da ba a shimfiɗa wa kwalta ba ya san yadda yashi ke kwace kan mashin daga hannun mutum. Cikin injin yana kusa da ƙasa, dutse ɗaya a hanyar burji na iya fasa shi, kuma fulogi ma a ƙasa yake, don haka ruwan da Boxer zai ratsa da damina shi kashe shi zai yi. Mai ƙafafun alminiyam ya fi kyan gani, amma idan ya faɗa rami da gudu tsagewa yake, sai dai a sayi sabuwa. Mai wayoyi kuwa ana ɗaure shi a miƙar. Abin da ya fi kashe roba-roba shi ne tashi a giya ta uku saboda ƙiwar komawa ta ɗaya. Injin ba zai mutu ba, don kulocinsa da kansa yake kamawa, amma yana zamewa yana ƙonewa a hankali. Bayan 'yan watanni sai ka ji injin na kuka mashin ba ya tafiya. Haka kuma taka giya ƙasa zuwa ta ɗaya ana cikin gudu kan ɗaure tayar baya nan take.

Boxer na kamfanin Bajaj ne na Indiya, kuma ba a banza 'yan acaɓa suka raja'a a kansa ba. Mutumin da abincin gidansa ke kan mashin ba ya zaɓe don ado. Iri biyu aka fi gani: BM100 mai kusan cc 100, da BM150 mai cc 144.8 da tankin lita 11. Kujerar doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, kariyar baya mai ƙarfi, shokozoban baya kuma sifirin biyu gare shi, ƙarami a cikin babba, shi ya sa yake shanye gargada ko da kaya. Cikinsa ya ɗaga daga ƙasa. Ƙaramin yakan yi kilomita 45 zuwa 55 a lita, babban ya ɗan fi shi sha. Amma babban abin da ya ɗora Boxer a kan saura ba a jikinsa yake ba, a kasuwa yake. Daga Alkaleri zuwa Darazo, daga Kumo zuwa Bajoga, da wuya ka tsaya a rumfar bakanike ka rasa wayar kulocinsa, ko fistin da ringi, ko takalmin birki. Yaron shago ma ya iya kwance shi. TVS HLX da Honda Ace, wanda ake haɗawa a Ota ta jihar Ogun, duk ajinsu ɗaya da Boxer, kuma ba su gaza shi a inganci ba. Inda yake tsere musu shi ne wannan yalwar kayan gyara a ƙauye.

Sai dai Boxer ba ya yafe wasa da baƙin mai. Abin da ke buɗe bawul ɗinsa yana can saman inji, wata siririyar sarƙa ce, taimin cen, ke juya shi, kuma sai famfo ya tura mai sama kafin ya samu. Idan man ya yi ƙasa, ko ya tsinke ya zama ruwa, ko na jabu ne, saman injin ne ke fara cinyewa. Alamar farko ƙara ce siririya, kacau-kacau, daga kan injin da sassafe. Wanda ya kai gyara a lokacin zai sayi sarƙa da abin ɗame ta kawai. Wanda ya ƙara wa rediyon wayarsa sauti ya ci gaba da tafiya, sauke inji zai yi. Birkinsa kuma na ganga ne gaba da baya a yawancin waɗanda ake kawowa, yana wadatarwa a gari, amma a doguwar gangara da kaya yakan yi zafi ya daina kamawa. Ga kuma wata matsalar da farin jininsa ya jawo: ɓarayi sun fi son sa, don a dare ɗaya ake kwance shi a sayar gunduwa-gunduwa. Makullin wuya kaɗai ba ya tsare Boxer. A ƙara sarƙa da kwaɗo a tayar baya, a kuma sa bakanike ya ɓoye wani maɓallin kashe wuta inda mai shi kaɗai ya sani.

Tsakanin 100 da 150, hukuncin mai sauƙi ne. Idan aikin cikin gari ne da ƙauyukan kusa, 100 ya isa, kuma ya fi sauƙin mai. Yana jin daɗinsa a gudun 60 zuwa 70 a maleji. Wanda zai riƙa hawa babban titi da goyo, ya ƙara kuɗi ya ɗauki 150, don shi yana riƙe 80 ba tare da ya galabaita ba, kuma yana da ragowar ƙarfin da za a wuce tirela da shi a gama da wuri. Wuce babbar mota da mashin da ya riga ya ƙure ƙarfinsa na daga cikin abubuwan da suka fi haɗari a hanyar Ashaka.

Na uku shi ne dangin CG, wato dogayen mashina na Sin masu cc 125 ko 150 ko 200, irin su Daylong da Qlink da makamantansu, waɗanda injinsu kwafin Honda CG125 ne. Tarihin injin nan shi ne hujjarsa. A farkon shekarun 1970 Honda ta lura cewa a ƙasashe masu tasowa mutane ba sa canza baƙin mai a kan kari, sai mashin ya tsaya ake kai shi gyara. Sai ta fito da CG125 a 1975, ta sauko da abin buɗe bawul ƙasa kusa da mai, wasu sandunan ƙarfe biyu ke tura bawul ɗin daga can. Babu taimin cen da za ta saki. Shi ya sa injin CG ke jure wulaƙancin da zai kwantar da wani. CG jakin mashina ne: ba sauri, ba ado, amma a ɗora masa taki buhu biyu ya hau tudu da shi. Giyarsa biyar, tayoyinsa galibi inci 18, kuma ƙarfinsa a ƙasa-ƙasa yake, inda mai kaya ke buƙatarsa.

Kuɗin wannan juriya shi ne jijjiga. Daga gudun 80 zuwa sama hannu da ƙafa sukan yi sanyi, madubi ya daina nuna komai, notuna su riƙa kwancewa da kansu. Mai CG ya saba bin notunan da ke riƙe inji da salansa da kariya da sifana duk mako biyu. Yana shan mai fiye da Boxer, mai cc 150 yakan tsaya a kilomita 35 zuwa 40 a lita. Kuma sunan CG ba ya tabbatar da inganci, don kamfanoni da yawa ke ƙera shi, siffa ɗaya ƙarfe daban. Inda na arha ke fara nuna hali shi ne wayoyin wuta, da abin cajin batir, da fenti, da wayoyin taya masu tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai abin da masu CG da yawa ba su ma san da shi ba: a gefen hagu na ƙasan injin akwai wani babban murfi da ake kwancewa da sifana 24, bayansa sifirin ne da 'yar rariya mai tace mai. Duk canjin mai a ciro ta a wanke da fetur. Idan ta toshe, man ba ya zagayawa ko da sabo ne.

Jincheng AX100, mai hayaƙi, shi kuma labarinsa daban. Tsarin Suzuki ne, inji mai bugu biyu, babu bawul babu taimin cen, notuna huɗu ka cire kan injin ka ga fistin. Tashinsa da zafi, gyaransa da araha. Amma yana ƙona man tu-ti (2T, man da ke shafe cikin irin wannan inji) tare da fetur, kuma lita ɗaya da ƙyar take kai shi kilomita 35 zuwa 40. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafinsa ya daina fita ga mai hawa kullum. Wanda ya riƙe shi don ƙauna ya kula da abu biyu. Idan an cire famfon tu-ti, kamar yadda aka yi wa da yawa, a zuba mililita 20 zuwa 25 a kowace lita ta fetur, a girgiza tankin. Kada kuma a maye tu-ti da baƙin mai na inji, don yana tara gawayi a bakin salansa har mashin ya shaƙe. Ita ma Besfa, wadda Piaggio ta fara ƙerawa a Italiya a 1946, ta malaman makaranta da alhazan da, haka take: mililita 20 a lita, giya a hannun hagu, ga safayar taya a gefe. Abar adanawa ce da fita ranar Juma'a. Tayar inci 10 ba ta ramukan babban titi ba ce.

A doguwar tafiya ne bambancin ke fitowa sosai. Bauchi zuwa Gombe kusan kilomita 155 ne. BM150 da cikakken tanki zai je ya dawo bai nemi gidan mai ba. CG ma zai je ya yi nisa a dawowa. Roba-roba a lissafin takarda zai isa, amma da goyo da iskar gaba man na iya ƙarewa kafin a hango Gombe, don haka gara a ƙara a Alkaleri ko Bara, wani lokacin a hannun 'yan bumburutu. Man galan kuwa shi ke kawo ruwa da datti cikin kafireta. Maganinsa 'yar matatar mai ta roba da ake sa wa a tiyo tsakanin tanki da kafireta, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Idan mashin ya fara shaƙewa bayan an sha irin wannan mai, a rufe famfon tanki, a sassauta ƙaramin sukurun da ke gindin kafireta, ruwan zai fara fita kafin fetur. Ga kuma iskar tirela, wadda ke ture mashin mara nauyi gefe. A nan ma roba-roba ne ya fi shan wahala.

A hawa, kamar hanyar Tula daga Kaltungo ko hanyar Jos bayan an wuce Toro, CG da BM150 ne ke gaba. Amma saukowa ta fi hawa haɗari. Al'adar sa mashin a firi ko kashe inji a gangara don tsimin mai ita ke ƙona birkin ganga. A sauko da giyar da aka hau da ita, injin ya riƙe mashin, birki ya zama taimako. Mai bugu biyu da ake haɗa wa tu-ti a tanki yana da nasa tarkon: idan totur a rufe yake tsawon gangara, mai ba ya isa ga fistin, don haka a riƙa ɗan kama kuloci ana murza totur lokaci-lokaci. Duk injinan nan iska ke sanyaya su, da bazara a tsaya minti goma bayan kowace kilomita 70 zuwa 80. Kada a watsa wa inji mai zafi ruwa.

Kulawarsu kusan ɗaya ce, ƙurarmu ce ke sa a matso da lokaci. Baƙin mai 20W-50 na mashin, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, don wasu mayukan mota na sa kuloci zamewa. Roba-roba na cin kusan lita 0.8, Boxer da CG kusan lita ɗaya. A duba da sandar awo mashin na tsaye a miƙe, cikawa fiye da ƙima ma na fasa sil. A canza duk kilomita 1,000 zuwa 1,500, sabon mashin kuma a zubar da man farko a kilomita 500, kada a wuce gudun 50 sai ya cika 1,000. Da hunturu a duba matatar iska duk mako biyu. Ta soso a wanke da kananzir, a matse, a ɗiga mata mai kaɗan. Ta takarda a kaɗe ko a canza, ba a wanke ta. Bakaniken da ya ce a cire matatar gaba ɗaya don mashin ya ƙara gudu, ringi yake sayar maka nan da wata shida. Gibin bawul, inji na sanyi, milimita 0.05 ne a roba-roba, 0.08 a CG, kuma da ma'auni ake sa shi, ba da kunne ba. Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar milimita 20 zuwa 30. Ɗame ta tamau na cinye boris. Idan za a canza ta, a canza tare da faifan haƙoranta na gaba da na baya, in ba haka ba tsohon zai cinye sabon. Iskar taya, a ma'aunin mai faci (psi), 25 a gaba, 28 a baya, 32 idan da goyo ko kaya.

Duk wanda aka zaɓa, a ware kuɗin hular kwano daga cikin kuɗin mashin tun farko, don idan aka bari sai daga baya ba a saya. Hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta tun 1 ga Janairun 2009, amma yawancin abin da ake gani a kai hular leburorin gini ce, wadda aka yi don dutsen da zai faɗo daga sama, ba don kan da zai bugi kwalta ba. Ta gaske tana da farin soso mai tauri a ciki, kaurinsa ya kai yatsu biyu, da tambarin inganci na ECE (na Turai) ko DOT (na Amurka) a ƙeya, ko da yake tambarin ma ana buga na ƙarya, don haka a taɓa soson da hannu. Mai rufe haɓa ta fi, don haɓa da fuska na cikin wuraren da suka fi dukan ƙasa. Ta kama kai ba ta juyawa, a kuma ɗaure igiyar; hular da ba a ɗaure ba tana riga mai ita sauka. Gilashinta fari ya fi baƙi, saboda hazo da tafiyar magariba. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko ba ta tsage ba. A ƙara da safar hannu da takalmi rufaffe maimakon silifa, da rigar sanyi mai tare iska ga mai sammakon hunturu. Babbar riga a naɗe ta a zauna a kai. Mace kuma ta tattare hijabi da zane a cinya kafin a tashi, musamman a kan Boxer da CG idan an cire gidan sarƙa, ta kuma hau ta hagu saboda zafin salansa.

Guzurin hanya bai da yawa: fulogi ɗaya da sifanarsa, sifana 8 da 10 da 12 da 14 da 17, filaya, sukundireba, wayar kuloci, mahaɗin sarƙa, tub ɗaya na baya da ƙaramin famfo. Fulogin roba-roba C7HSA ne, na CG kuma D8EA, ba sa shiga wa juna. A shirya tafiya yadda za a isa kafin duhu, don fitilar yawancin mashinan nan da ƙarfin inji take haske, kana rage gudu saboda rami tana dushewa, ga shanu masu tsallaka titi.

Idan kuɗin bai kai na sabo ba, Boxer na hannu da ma'aikaci ya hau ya fi sabon CG mara suna, amma Boxer da ya yi shekara biyu yana acaɓa ya riga ya ba da abin da ke jikinsa, ko an sake masa fenti. A je ganin mashin da safe, a taɓa injin a tabbatar da sanyi, don dillali kan ɗumama shi kafin mai saye ya iso. A tayar, a tsaya bayan salansa: shuɗin hayaƙi a inji mai bugu huɗu, irin na roba-roba da Boxer da CG, ringi ne ko bulok. A ciro sandar mai, idan man ya yi kauri kamar an haɗa shi da na giya, ƙara ake ɓoyewa. A cire kujera da murfin gefe a nemi sabon walda a ƙashin mashin, a duba wuya ma. A ɗaga shi a kan tsakiya a juya tayoyi a ga ko suna rawa. Sannan a gwada lambar inji da lambar jiki da abin da ke rubuce a rasit, harafi da harafi. Idan akwai alamar an goge ko an sake bugawa, a bar cinikin komai arharsa. Takardar ciniki ta ɗauki sunan mai sayarwa da shaidu biyu da lambobin nan duka biyu, a kuma je ofishin lasisi a mayar da takardu sunan sabon mai shi kafin a fara fita da shi bayan gari.